Kwalliyar falo a Yamai: me ya jure zafi da ƙura a gidanku?

Amaryar Lazare:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wata mai zuwa zan tare, gidan haya ne, ɗaki biyu da falo. Wayata cike take da hotunan falon Dubai da na Turkiyya. Kafin mu shiga Babbar Kasuwa, ku da kuka riga ni, me kuka sa ya jure, me ya ba ku kunya?

Maman Biyu, Yantala:
Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Ki yi nesa da moket, wato kafet ɗin da ke rufe ƙasan ɗaki duka. Na shimfiɗa mai ruwan madara bango da bango a Oktoba, kafin Janairu ya fita hunturu ya mayar da shi ja. In yaro ya faɗi a kai sai ki ga ƙura ta yi sama, autana kuma ya dinga tari. Muka ɗaye. Yanzu karo ne, wato tayil, da tabarmar kaba biyu, da ƴar darduma da nake kakkaɓewa a tsakar gida. Kujeru kuwa baƙaƙe na saya, masu fatar roba. Wata ranar Afrilu zafi ya haura 40, ba wuta, yayan maigida ya zauna, da zai tashi sai da ya ɓamɓare rigarsa daga jikin kujera. Na rasa inda zan sa kaina. Ki nemi na itace masu matasai da ake cire rigarsu a wanke.

Ɗan Ader:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ni taga ce ta cuce ni. A Tawa na sa maso, wato magini, ya buɗe mini babbar taga ta gilashi tana kallon yamma, don in burge. Daga azahar har magariba falon tanda ne, klim, na'urar sanyaya ɗaki, na ta kuka a banza. Sai da na yi rumfa a gabanta na dasa dogonyaro. Abin haushi, ƙauyen Yama na nan kusa da mu, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina har ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Na shiga da rana tsaka, bango mai kauri, tagogi ƙanana, sanyi lau. A Dandaji ma, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun yi sabon masallaci da bulon ƙasa, tsohon ya koma ɗakin karatu. Mu kuwa sai siminti da kwano.

Gwaggon Yara, Kwara Kano:
Muna da ɗan gida a bakin kogi wajen Bubon, inda muke zuwa Asabar da Lahadi. Kabad ɗin matsattsen garin katako da aka kawo daga waje, gara ta gama da bayansa cikin damina ɗaya, ambaliyar 2020 ta ƙarasa sauran. Abin da ya tsira: gadon ƙarfe, kujerun igiya, da tulunan Bubon guda uku. Na rataya tera-tera, bargon saƙar gargajiya, a bango, na jefa matasan fata na masu sana'ar hannu na Wadata a ƙasa. Duk baƙon da ya shigo nan yake ɗaukar hoto.

Maman Biyu:
Na manta labule. Biyu za ki sa, mai kauri da shara-shara, kuma kada ya ja ƙasa.

Amaryar Lazare:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Moket na soke shi. Sai dai na nuna wa Inna kujerun itacen, ta ce ita ba za ta bari dangin miji su zo ganin jere su tarar da tabarma da tulu ba, wai sai a ce ba mu da shi. Gwaggo, ke da wane baki kika shawo kan naki?