Neman shawara kan tanti marar shimfiɗar ƙasa da murhun itace

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwana a dokar daji lokacin sanyi. Ina shirin farautar kwana 6 a tsaunukan da mota ba ta shiga, kuma a bayana zan goya kayana duka, shi ya sa hankalina ya karkata ga tanti marar shimfiɗar ƙasa mai sanda ɗaya a tsakiya.

Inda na maƙale shi ne murhun itacen da zan riƙa kunnawa a cikin tantin domin ɗumi. Na titaniyom (wani nau'in ƙarfe) ba shi da nauyi, amma saboda sirantakar jikinsa yana hucewa da zarar wuta ta mutu. Wanda na ara bara ya hana ni barci, domin sai da na riƙa tashi ina ƙara itace, da asuba kuma raɓa ta taru a cikin rufin tana ɗiga a kan jakar barcina, ga tartsatsi ya huda yadin kusa da mafitar bututun hayaƙi.

Shin murhun ƙarfe mai kauri ya cancanci ƙarin nauyinsa? Sannan yaya kuke barin iska ta shiga domin guje wa gubar hayaƙi, ba tare da ɗumin ya tsere ba?