Na gama karatun EMT (aikin ba da agajin gaggawa a ambulan), wata bakwai ke nan babu aiki, ta ina zan fara?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu aikin ambulan a nan Kumasi ku taimaka min da shawara. Na gama kwas ɗin EMT, satifiket na hannu, tsohuwa ce ta biya min da kuɗin wakenta da shinkafa, kuma wlh kullum da asuba in na ga tana hura wuta ni ina zaune sai in ji ba daɗi. Na kai takarda wajen kamfanoni uku masu zaman kansu, dukkansu magana ɗaya, wai sai mai shekara biyu a kan aiki. To in ba a ɗauke ni ba a ina zan samo shekara biyun? Na gwamnati kuma shiru. Jiya wani ya ce min akwai mutuminsa da zai sa sunana a furotokol, wato jerin waɗanda ake ɗauka ta hanyar alfarma, in na tura kuɗi ta MoMo (ta waya), har tsohuwa ta ce za ta ci bashi, ni dai hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Maganar furotokol ɗin nan ka bar ta tun yanzu, kar tsohuwa ta ci bashin ko sidi ɗaya. Na san yaro a unguwarmu da ya tura, washegari lambar ta daina shiga. Hukumar ambulan ta ƙasa ba ta ɗaukar mutum a ɓoye, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin albashi tukun, abin da ake kira kiliyarans, sannan su fitar da sanarwa kowa ya gani. Shirun da kake ji ke nan, ba wai an manta da kai ba. Kuma ka sani su suna da makarantarsu a Nkenkaasu, kan hanyar Techiman bayan ka wuce Offinso, can suke horar da mutanensu, don haka in an buɗe ka shirya ranka ko da za a ce ka sake zama aji, kar ka ce ai ni ina da takarda.

Aikin ma bai daɗe ba a ƙasar nan in ka duba. Sai bayan turmutsutsun da aka yi a filin ƙwallo na Ankara (Accra) ranar 9 ga Mayu 2001, wasan Hearts da Kotoko, mutum sama da 120 suka rasu, sannan aka tashi tsaye, a 2004 aka fara. A Janairun 2020 da aka kawo motoci 307, kowace mazaɓa ɗaya, lokacin aka buƙaci hannu sosai. Ɗaukar takan zo ne guguwa guguwa, wanda takardunsa ke a shirye shi ke shiga.

Tambaya ɗaya, kana tuƙi? In lasisinka B ne, na ƙananan motoci, ka je DVLA, hukumar lasisin tuƙi, ka ɗaga shi. EMT da ya iya kula da mara lafiya kuma ya iya riƙe sitiyari, shi masu kamfani ke so don albashi ɗaya za su biya.

Ɗan Aboabo:
Yaya na gode, Allah ya saka. B gare ni, shekara uku ke nan. Ban taɓa tunanin wannan ba wlh.

Hajara Tafo:
Ɗan'uwa ni ma na yi zaman nan, kusan shekara. Abin da ya cece ni ban bar hannuna ya yi sanyi ba. Na shiga Red Cross, ana kai mu wajen taro, ranar wasa a filin Baba Yara, ranar idi, babu kuɗi sai ɗan na mota, amma duk wanda na duba ina rubutawa a littafi, bugun jini nawa, numfashi nawa, me na yi masa. Ranar intabiyu littafin nan na ajiye musu a tebur, gefensa duk ya naɗe, matar ta yi ta buɗawa tana karantawa ba ta ma kalli satifiket ɗin ba.

Sannan kar ka raina bakinka. Kana jin Hausa, kana jin Tonanci (Twi), kana jin Turanci, ka rubuta wannan a saman takardarka. Kiran da na fara fita bayan na samu aiki wani dattijo ne a cikin lungu, mota ba ta shiga, muka ɗauki gadon da hannu muna tsallake kwata. Da muka isa matarsa ta tare ƙofa tana kuka wai mijinta bai mutu ba me ya sa aka kira motar gawa. Abokin aikina ya yi ta bayani da Tonanci ba ta saurara, sai na durƙusa na ce Inna, mu ba ma ɗaukar gawa, mai rai muke ɗauka, ki bari mu kai Baba a duba shi, ki ɗauko mayafinki mu tafi tare. Nan take ta matsa. Har muka kai asibitin Komfo Anokye tana riƙe da hannuna, suka karɓe shi aka wuce da shi ɓangaren Red, na masu ciwo mai tsanani. Mutanenmu na zango da yawa har yau sun gwammace su tare tasi da su kira 112, lambar gaggawa, saboda wannan tsoron.

Mai Gemu Sawaba:
Ka leƙa wajen masu haƙar zinariya ma, Obuasi da Tarkwa, suna da kilinik da motocinsu, sai dai galibi ta hannun 'yan kwangila ake shiga. Amma ka buɗe ido da ƙananan kamfanonin cikin gari, ni na yi wata huɗu a wani, jiniya a sama amma babu ko silindar iskar oksijin a ciki, rabin aikin kai gawa ƙauye ne ranar Juma'a. Kafin ka ce to, ka ce a buɗe maka bayan motar ka gani da idonka.

Ɗan Aboabo:
Na gode muku duka. Na gaya wa tsohuwa ta bar maganar bashin, ta ce alhamdulillahi dama ba ta so. Litinin zan je DVLA in sha Allah. Anti Hajara, in zan je Red Cross ɗin me da me zan riƙe, kuma littafin naki da kanki kika tsara shi ko akwai wanda ake sayarwa?