Wutar gida za ta iya ɗaukar babban injin CNC?

Kafinta: Assalamu alaikum, masana wuta. Shekara biyu ina tara kuɗi, yanzu na kusa sayen injin CNC, wato injin yanka da sassaƙa katako da kwamfuta ke sarrafawa, mai tebur milimita 1300 da 2500, wanda ke cin fallen katako guda ba sai an raba ba. Motar yankansa kilowat 5.5 ce, da famfon iska mai kilowat 7.5 da ke danne katako a tebur, ga injin zuƙe ƙura mai 2.2. A gareji zan kafa shi, wutar gidan kuwa fes ɗaya ce, wato layin wuta guda ba uku ba, bolt 230. Mai sayarwa ya ce in na sa VFD, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga motar injin, shi ke nan. Hankalina bai kwanta ba.

Mai Wayarin: Wa'alaikumus salam. Gara da ka tambaya, ɗan'uwa. Haɗa su duka: kilowat 15.2 ke nan. Raba da 230, ya haura amfa 65, alhali soket ɗin gida amfa 13 ko 16 yake ɗauka. VFD na juya fes ɗaya zuwa uku, gaskiya ne, amma ba ya ƙirƙiro wutar da babu. Kuma famfon nan ne babbar matsalarka. Lokacin tashi yana jan ninki shida ko bakwai na abin da yake ci yana aiki.

Dattijo: Ni na gani da idona. Ina tsakiyar sassaƙa ƙofa, awa uku injin na tafiya, aka kunna dutsen guga a cikin gida. Bireka ta faɗi, bakin yankan ya tsaya cikin katako, injin ya manta inda yake. Ƙofar ta tashi aiki, raina ya ɓaci ƙwarai. Daga nan na cire famfon, na koma ɗaure katako da matsi, na ja wa injin layinsa daban tun daga allon rarraba wuta. Ka kuma yi wayar ƙasa mai kyau, in ba haka ba VFD zai riƙa rikita kwamfutar.

Mai Wayarin: Af, duba farantin bayanai da ke jikin motar injin. Bolt 220 aka rubuta ko 380? VFD na yau da kullum ba ya fitar da bolt fiye da wanda ya shiga.

Kafinta: Na sa an turo mini hoto, 380 ne. Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi kamfanin wuta in ji batun jawo fes uku kafin in biya ko sisi.