Muhawara: Faifan Aretha Franklin na 1972 ibada ne ko kasuwanci?

Dattijon coci: 'Yan'uwa, ina nan a kan bakana. Faifan Amazing Grace da mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ta fitar a 1972, wanda ya ci lambar Grammy a 1973 a rukunin waƙoƙin bishara, ban ɗauke shi ibada ba. Kamfanin faifai na Atlantic ne ya ɗauki nauyinsa, kuma Jerry Wexler, wanda ya shirya mata waƙoƙin soyayyar da suka sa ta yi suna, yana cikin waɗanda suka tsara shi. An shigo da na'urorin ɗaukar sauti da kyamarori har gaban bagade, faifan kuma ya sayu fiye da kwafi miliyan 2 a Amurka. Duk inda kamfani ya zuba kuɗinsa, riba yake nema.

Mawaƙiyar zumuntar mata: Baba, ka yi mini haƙuri, amma kana magana kamar baƙuwa ce ta shigo coci don ta ari muryarsa. Aretha ɗiyar Fasto C. L. Franklin ce, wanda ya jagoranci cocin New Bethel Baptist a Detroit, kuma a cocin mahaifinta aka fara naɗar muryarta a 1956, tana da shekara 14. Jan murya da rausayar da duniya ta yaba a waƙoƙinta na soyayya, a coci ta koye su tun tana ƙarama.

Malamin tarihi: Mama ta faɗi gaskiya, kuma yadda aka naɗi faifan yana ƙarfafa maganarta. An yi aikin ne cikin dare biyu, 13 da 14 ga Janairu 1972, a cocin New Temple Missionary Baptist da ke Los Angeles, a gaban jama'a masu amsawa da tafi da kuka, tare da Fasto James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa ta kudancin Kalifoniya. Da kuɗi kawai ake nema, da ɗakin naɗar sauti ya fi sauƙi da tsabtar sauti. Sai dai damuwar Baba tana da asali a wajen baƙar fatar Amurka kansu, domin lokacin da Sam Cooke ya fara waƙoƙin duniya yana cikin ƙungiyar bishara ta Soul Stirrers, sai da ya sakaya sunansa saboda gudun fushin masu ibada.

Dattijon coci: Malam, to ka ga ba ni kaɗai ba ne. Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: ta ɗauko waƙar abota ta Carole King ta haɗa da tsohuwar waƙar addu'a ta Thomas Dorsey, ta kuma rera wata ta Marvin Gaye. Mene ne ya kawo su cikin sujada?

Mawaƙiyar zumuntar mata: Baba, Dorsey ɗin da ake kira uban waƙar bishara, shi kansa makaɗin waƙoƙin duniya ne kafin ya koma ga na coci. A bakin Aretha kuwa, abokin da waƙar take nufi ya zama Yesu, kuma mahaifinta ya tashi a dare na biyu ya shaida cewa ɗiyarsa ba ta taɓa barin coci ba.

Malamin tarihi: Wanda yake shakka zai iya gani da idonsa, tunda fim ɗin da Sydney Pollack ya ɗauka a wurin, wanda ya daɗe a ajiye saboda an kasa daidaita sauti da hoto, ya fito a 2018 bayan rasuwarta.

Dattijon coci: Na kalle shi, Malam, na ga gumi da hawaye, na kuma ga Mick Jagger, mawaƙin waƙoƙin duniya na ƙungiyar Rolling Stones, a bayan coci yana tafi. Shaidar uba a kan ɗiyarsa ban ƙaryata ta ba, amma waƙar Carole King har yanzu ban yarda a rera ta a gaban bagade ba.