Yaya zan sa shafin Word ya cika fuskar kwamfuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Ina rubuta kundin kammala karatu a Word, laftof ɗina kuma ƙarama ce, jerin maɓallan nan na sama sun cinye min wuri, 'yan layuka kawai nake gani. Na danna F11 kamar yadda nake yi a Chrome, ko gezau. Akwai abin da zan danna a kibod su ɓace, ba sai na yi ta lalube da maus ba?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam Malama. F11 a Word ba aikinsa ke nan ba, a burauza ne yake cika fuska. Ki riƙe Alt ki danna V, ki saki, sannan ki danna U. Komai zai ɓace sai takardarki. In kina son dawowa, Esc. Tsohuwar hanya ce tun zamanin Word 2003, kafin a kawo jerin maɓallan nan a 2007, kuma har yau ba su cire ta ba, ɓoye ta kawai suka yi.

Wata malamar makaranta: Ni dai ba zan ba ki shawarar ɓoye komai ba, tunda kundi kike rubutawa. Yanzu kin ƙara girman kanun babi, an jima kin saka lambar shafi, za ki gaji da fita da shiga. Ctrl da F1 ya ishe ki. Yana naɗe manyan maɓallan ya bar sunayensu kawai, Home, Insert, Layout, a siririn layi ɗaya. Kika taɓa ɗaya ya buɗe, kika koma rubutu ya rufe da kansa. Cika fuska gaba ɗaya ki bar shi sai ranar da za ki zauna duba kurakurai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Alt, V, U ya yi, har na ɗan tsorata da na ga komai ya tafi. Amma Ctrl da F1 ya ƙi, Anti.

Mai gyaran kwamfuta: Laftofoci da yawa haka suke, layin F ɗin an ba shi aikin sauti da haske. Ki haɗa da Fn, yana ƙasa ta hagu kusa da Ctrl. Yatsu uku: Ctrl, Fn, F1.

Wani ɗalibi: Ga waɗanda ba Word suke amfani da shi ba, kada a sha wahala. A LibreOffice Writer, Ctrl, Shift da J ne. A Google Docs, Ctrl, Shift da F yana ɓoye maɓallan sama, sai ka ƙara da F11 burauzar ma ta cika fuska. Amma kar a kai Ctrl, Shift da F ɗin nan cikin Word, akwatin zaɓen salon haruffa zai buɗo maka. Masu kwamfutar Mac kuwa, don cika fuska, Control, Command da F.

Mai tambaya: Fn ɗin ne kuwa. Yanzu sakin layi guda nake gani cur ba tare da na ja shafi ba. Allah Ya saka da alheri.

Wata malamar makaranta: Amin. Kafin ki miƙa kundin dai ki sake danna Ctrl da F1, ki duba tazarar layi da gefen takarda da maɓallan a buɗe.