Garin neman ƙiba an samo rama: ta dace da masu motsa jikin nan kuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Wani rubutun barkwanci aka turo min, labarin mutumin da lafiya ta zame masa jaraba, ya bar tuwo ya bar shayi, kullum idonsa na kan agogon hannu yana ƙirga taku, in bai cika 10,000 ba sai ya tashi tsakar dare yana zagaye tsakar gida, ƙarshe rashin barci da fargaba suka kwantar da shi. Abin ya tsaya min a rai don ina da aboki haka, ko biki aka je ba ya taɓa abinci. Karin maganar da ta faɗo min ita ce garin neman ƙiba an samo rama. Toh amma shi ai ramar yake nema, ta zauna a nan?

Malamin Kongo:
Ta zauna daram ƙanena. Ƙibar da ake nufi ba tumbi ba ne, a da in an ce wane ya yi ƙiba ana nufin ya samu hutu da wadata. Wato ka fita neman ƙari ka dawo ka rasa na hannunka. Abokinka yana da lafiyarsa ya je neman wadda ta fi ta, ga shi kwanciyar hankali ta tafi.

Uwar Biyu Samaru:
Malam ka yi haƙuri ni ban yarda a riƙa jefa ta haka ba. Matsalarmu a Zariya ba yawan motsa jiki ba ce wallahi, daga Kwangila zuwa PZ mutum sai ya hau keke napep, a ci mai a ci gishiri da magi a kwanta, je ka asibitin koyarwa na Shika ranar ganin masu hawan jini da ciwon suga ka ga taro. Hajiyarmu shekara nawa tana fama, likita tafiya kawai ya ce ta riƙa yi amma kunya ta hana ta don kar a ce tsohuwa ta fara bokoko. Irin wannan dariyar ce ke hana su. Ina muka kai rigakafi ya fi magani?

Na Gyallesu:
Yaya gaskiyarki, amma ba a kan masu tafiya ake magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki ta ce a mako ga baligi, gishiri ƙasa da giram 5 a rana, shi kenan fa. Takun 10,000 ɗin nan ma daga tallan wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965. Kuma Annabi (SAW) cewa ya yi a kasa ciki uku, abinci, ruwa, numfashi, bai ce a bar ci ba.

Malamin Kongo:
Yawwa. Shi ya sa ba a faɗarta sai ramar ta bayyana. Wanda ke zagaye bayan asuba ya dawo garau ba shi da rabo a cikinta.

Uwar Biyu Samaru:
Toh in haka ne na ji. Amma Ɗan Tudun Wada don Allah ka same shi shi kaɗai ka faɗa masa, kar a majalisa, kuma ka tambaye shi ko likita ya taɓa faɗa masa wani abu da ya tsorata shi.