Muhawara: wa ya san abin da ke bayan labule?

Mai Alƙalami: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Yawancin masu rubuta labaran soyayyar mata biyu a gidan wasan kwaikwayo ba su taɓa taka dandamali ba. Sai a sa su suna raɗa da kuka a gefen labule ana tsakiyar wasa. Da wane lokacin? Canjin kaya na gaggawa wani sa'in ko minti ɗaya bai kai ba, mai sa kaya na tsaye da tocila, ga ƙaramin makirufo manne a goshi. Mai sauti ya manta bai kashe ba, 'yan kallo kaf sun ji sirrin.

Uwar Fitila: Malam, "taka dandamali" fa ka ce. To mai taka shi ce ta fi kowa rashin sanin gidan. Mai kula da dandamali ce ke riƙe da littafin wasa, ita ke kiran kowace fitila da kowane sauti, ita ke rubuta wadda ta makara. Mutum biyu suka fara isowa tare, ita ce farkon gani.

Jarumar Gobe: Haba Yaya. Mai zama a duhu da abin ji a kunne ce za ta san yadda ake riƙe hannun mutum a cikin wasa sau takwas a mako? Gwajin mako uku zuwa huɗu, ana maimaita fitowa ɗaya har ta shiga jiki, nan labarin yake.

Uwar Fitila: Sai ranar gwajin fitilu kowa ya san gwaninsa. Awa goma kuna tsaye inda aka ajiye ku.

Baban Tarihi: Ku bar wannan. Kuskuren da ya fi yawa na zamani ne. A Ingila sai 1968 aka daina tace wasanni, kafin nan kowane rubutu sai ya bi ta ofishin Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar sarautar ƙasar. A New York, 1927 aka yi dokar da za a iya garƙame gidan wasa shekara guda kan irin wannan jigo. Wadda ta kafa labarinta a 1930 ta sa jarumai suna magana a fili, ta ɓata shi. A Japan kuma ƙungiyar Takarazuka, da ta fara wasa a 1914, mata zalla ce, wasu na fitowa a maza.

Jarumar Gobe: Fitowa a namiji aiki ne, Baba, ba maɗigo ba ne. Kar a haɗa.

Baban Tarihi: Wa ya haɗa?

Ɗan Gefe: Ni fa me ya kawo wannan zance zauren nan tun farko?

Uwar Fitila: Zauren marubuta ne, Malam, sana'a ake tattaunawa. Mai son wurin keɓewa a labarinta ta duba kiran shiri, wato sanarwar da ake yi wa 'yan wasa su kintsa: a Ingila minti 35 kafin buɗe labule ake yinsa. Daga nan ɗakin kwalliya cike yake. Tsakanin wasan rana da na dare ne gida ke yin shiru.

Mai Alƙalami: Ba wanda ya amsa maganata fa.

Shugabar Zaure: Na rufe. A taƙaice, an nuna ma'aikatan bayan labule sun fi sanin gidan, marubuciya ta fara da su. 'Yan wasa ma sun ɗan yi magana. Uwar Fitila, ki turo mana jadawalin gwajin nan.